Shekarar da Na Cire wa Mota Ƙafafu

Ni ban san shekara da lamba ba, kada wanda ya tambaye ni. Abin da zan faɗa ya faru damina biyu bayan ruwan da ya ci shinkafar fadama har kifi ya shigo lungunmu, damina ɗaya bayan rasuwar maigidana Malam Bukar direba, a shekarar da aka wayi gari wayoyin hannu sun mutu a ƙasar nan, mutum ya riƙe tasa kamar ya riƙe dutse. Duk wanda ya yi wayo a Nguru ya san shekarar. Ku jikokina kun mayar da abin na dariya, in an taru da salla sai wani ya ce a ba da labarin ranar da Kaka ta sace tayoyi. Ban hana ku dariya ba. Amma na zaunar da autata Hajara da biro ta rubuta yadda na faɗa, don ku san ba wasa na yi ba, ba kuma sata na yi ba.

Motar kakanku fara ce mai dogon baya, ta girmi iyayenku da yawa. Da ita ya yi hanyar Nguru zuwa Gashua tun ba kwalta, tun lokacin da in damina ta kankama hanya ke zama kogi. A wancan zamanin direba mai hankali ba ya jayayya da ruwa. Da an yi ruwa uku masu ƙarfi sai ya shigar da motarsa ɗaki ya jingine ta, ya ɗauki fartanya sai kaka. Malam Bukar ya gina mata ɗaki nata jikin zaure, ƙofar kwano ta waje, ƙaramar ƙofa ta cikin gida. Duk shekara ni ke riƙe masa kwanon notina, ni ke tankaɗe masa toka. Ban yi boko ba, ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma yadda ake kwantar da mota ta yi barci ta tashi lafiya, ban ga bakaniken da zai koya mini ba.

Da ya rasu ba a raba gado ba, motar ta koma hannun ɗana na fari. Ku kuna ce masa Abba. Ni tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, haka aka tashe mu, ɗan fari ba a kiransa, ba a kallon idonsa, ba a yabonsa a gaban mutane. Direba nake ce masa in ta kama. Yana son motar nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so ƙarfe. In ta yi tari ya san abin da ke damunta. Ranar da aka kai ubansa makwanci, da aka watse, a cikinta ya je ya zauna.

To a shekarar nan hanya ta lalace. Tsakaninmu da Gashua da sauƙi, sai shinge da tambaya. Amma gaba da Gashua, wajen gabas, mutanen daji sun fara tare motoci. Labarin ba ya zuwa gaba ɗaya, gutsure-gutsure yake zuwa, a bakin mai tallan nono, a wajen ta'aziyya. An tare wane, an ga motar wane a ƙone, wane ya fita tun Talata. Waya babu balle ka ji muryar naka. Direbobi da yawa suka ja baya, su kuwa fataken busasshen kifi kayansu na lalacewa, suka dinga bin duk wanda ya rage suna lallashi. Direba na cikin waɗanda suka rage. Duk Asabar sai ya yi lodi ya wuce gabas. Ni kuwa daga fitarsa har dawowarsa ba na cin tuwon kirki. Ƙarar kowace mota a lungu sai na tsaya da muciya a hannu, in ta wuce in ci gaba da tuƙi kamar ba komai, don kada matarsa Yagana ta ga fuskata.

Na aika Yagana ta yi masa magana, ya ce mata kowa da ranarsa. Na aika wa baffansa, ya zo ya sha fura ya ce ai namiji ba ya zama. Ni kuma bakina ba zai iya buɗewa in ce masa ina tsoron in rasa ka ba. Ko na buɗe ba abin da zai fito. Ranar wata Laraba aka kawo gawar wani yaron unguwar gaba a bayan akori-kura, an rufe shi da buhun kifi. Na je gaisuwa na ga uwarsa zaune tana ta gyara bakin tabarma, tana gyarawa tana sakewa. Daga can ban biya gida ba, na wuce garejin Malam Sale.

Malam Sale bakanike ne, a hannun maigidana ya tashi, uwar ɗaki yake ce mini har furfura ta cika masa kai. Na faɗa masa abin da nake so ranar Juma'a. Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa, ya ce ai yanzu da kwalta, wa ke jingine mota, kuma Abba in ya ji da hannunsa a ciki ba zai ƙara gaishe shi ba.

"Sale," na ce, "tuwona nawa ka ci a zauren nan?"

"Uwar ɗaki, ai ba ya ƙirguwa."

"To ka zo da jak da sifana. Gaisuwarsa kuma in yana da rai wata rana zai yi maka."

Direba ba ya fita da mota ranar Juma'a, ya gaji wannan a wajen ubansa. Da hantsi yake zuwa aski, ya wuce masallaci, ya zaga gidajen dangi, sai la'asar. Ranar Alhamis ya wanke ta da kansa ya cika tanki saboda tafiyar Asabar, bai san rabin aikina ya yi mini ba, don motar da za a jingine ana son ta a wanke a bushe, tanki a cike, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta ciki. Ranar Juma'a yana fita Yagana ta kawo mini makulli. Na ce ta koma ɗaki ta rufe, in an tambaye ta ba ta ga komai ba.

Muka rufe ƙofar kwano. Sale ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Ya cire filogi ɗaya bayan ɗaya, ni na ɗiga mai cokali guda a kowane rami kamar yadda Malam ke yi, ya mayar. Ya cire batir na kai ƙarƙashin gadona na ɗora a kan katako, don ba a ajiye shi a ƙasa. Na jawo kututturan giginya huɗu daga bayan rumbu, na Malam ne, shekara da shekaru ana nema a faskara ina hanawa, gara ba ta cin giginya. Sale ya ja birkin hannu, ya sassauta notina, ya ɗaga ta kusurwa kusurwa muna tura kututture. Yana cire ƙafar ƙarshe aka fara kiran salla, ya wanke hannu a gurguje ya fita yana cewa shi dai bai zo gidan nan yau ba. Sauran ni na ƙarasa. Na shafa giris a duk inda ƙarfe ya fito tsirara. Na cusa tsumma a bakin salansa saboda ɓera. Na zuba toka na kewaye kowane kututture, na watsa ganyen darbejiya da kafur a ƙarƙashin kujeru da cikin but, na sauke gilashi kaurin yatsa guda don ta sha iska. Ban rufe ta da tamfol ba, tamfol gumi yake sa mota. Tsofaffin zannuwana na ɗinke na lulluɓa mata. Da na ja baya na dube ta, fara a lulluɓe ba ƙafa, sai na ga ta yi kama da abin da nake gudu, gawa a likkafani. Na yi a'uziyya na juya.

Saura ƙafafun. In na bar su a gidan, kafin magariba ya mayar. A nan ne na yi abin da ko Malam bai taɓa yi ba. Lokacin duk namijin unguwa yana masallaci, lungu ba kowa sai awaki. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata Ya Falmata, ita ta kira sauran, Hansatu matar mai gyaran rediyo, da Inna Kande, da amaryar gidan liman. Mata huɗu da lulluɓi, kowacce na gara taya a rairayi tana haki, Ya Falmata na zagin tata da Barbarci don ta ƙi tafiya daidai. Kowacce ta kai ɗakin aurenta ta tura ƙarƙashin gado. Kun san dai ba baligin da zai taka ɗakin matar wani, ko da zinariyarsa ce a ciki.

Da la'asar ya dawo. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ina jin kazar da ke bayan rumbu tana tono. Sannan ya fito ya tsaya nesa da ni, inda ya saba tsayawa.

"Iya, ina ƙafafun motar nan?"

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Ba a raba gado ba. Malamai sun ce matar mamaci tana da tumuni. Na ɗauki nawa, ƙafafun ne. Sauran naku ne, ku yi yadda kuke so da shi."

Ya juya ya koma zaure. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kafin kwana biyu duk unguwa ta san inda tayoyin suke, don sawunsu na nan a rairayi har ƙofar kowane gida. Ya bi mazan ɗaya ɗaya. Mai gyaran rediyo ya ce shi bai san abin da ke ƙarƙashin gadon matarsa ba, kuma bai ga ranar da zai fara leƙawa ba. Liman ya ce a yi wa uwa biyayya. A gidan Ya Falmata ita ta amsa masa daga bayan katanga, ina ji daga nan. Ta ce in ya isa ya shigo ya ɗauka, ita ta yi masa wanka yana jinjiri, ba abin da zai nuna mata. Sababbin ƙafafu huɗu kuwa da ƙarafunansu ba abin da ake tsinta ba ne a shekarar, kuma Sale ya riga ya bi masu sayarwa ya ce uwar ɗakinsa ta yi rantsuwa.

Na ɗauka na yi nasara. Kwana goma sha biyar yana zaune a zaure, ba ya cin tuwona, gaisuwa daga bakin ƙofa. Na ce a raina ya yi ta fushi har ya tsufa. Sai wata Asabar da safe Yagana ta shigo ɗakina ba sallama, ta durƙusa, ta ce ya fita. Wani Alhaji mai kifi ya ba shi tuƙin motarsa, direbanta ya gudu. Na san motar. Ruɓaɓɓiya ce, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, sai an tura take tashi.

Ku da kuke dariya, ga inda ba dariya. Na ɗaure mota, na manta mutum ba a ɗora shi a kan kututture. Na raba shi da motar da ya sani kamar tafin hannunsa, mai birki, mai gudu in ta kama a gudu, na jefa shi cikin gwangwanin wani a kan hanyar nan dai. Da hannuna na yi. Asabar uku ya je ya dawo. Kowace Asabar sai na yi niyyar aika a karɓo tayoyin, in kai bakin katanga in tsaya. In na mayar, na ba shi hanya da kaina. In na hana, ga abin da yake shiga. Na kan shiga ɗakin motar da rana in ɗaga zanen in duba ko gara ta hau, in ƙara toka inda iska ta share, in tsaya ina jin warin kafur. Ban taɓa sanin tsoro yana da wari ba sai a shekarar. Har yau in an buɗe akwatin da ke da kafur sai na fita waje.

Asabar ta huɗu bai dawo ba. Lahadi bai dawo ba. Litinin da sassafe na yafa mayafi, ni da ban taɓa zuwa tasha ni kaɗai ba, na shiga motar Gashua. A kowane shinge a sauke mu mu ɗaga hannu mu wuce a ƙasa, tsohuwa da ni. A Jajimaji wata mata ta shigo tana cewa an ce an tare motocin kifi shekaranjiya, wani ya daka mata tsawa ta yi shiru. Muka ci gaba har Gashua.

A tashar Gashua na sami direbobi a ƙarƙashin rumfa, ba mai wasa ba mai dariya. Na ce ina neman direban Nguru da ya wuce gabas ranar Asabar. Wani dattijo a cikinsu ya ce, Hajiya, su uku ne suka wuce, wanne? Na ce ɗan Malam Bukar. Ya ce Bukar nawa ne a hanyar nan, ki faɗi sunansa. Na duba hagu na duba dama, ba wanda zai faɗa mini. Shekara talatin da wani abu sunan na bakina ban taɓa fitar da shi ba.

"Mustafa," na ce.

Suka dubi juna. Dattijon ya ce in zauna, ya sa aka kawo mini ruwa. Da aka kawo ruwan nan na tabbata ya mutu, don haka ake yi. Amma ya ce ba su sani ba, ba wanda ya sani, motoci biyu dai an gan su a ƙone, ta ukun ba a gan ta ba. Na zauna a kan benci daga hantsi har rana ta karkata, ruwan na hannuna ban sha ba.

Wajen la'asar keken shanu ya shigo tashar, mutum biyar a kai, ƙafafunsu na reto. Na gane shi da wuyansa kafin fuska. Aka sauke shi, ba takalmi, ƙafafun sun kumbura sun yi kamar tulu, ƙaya da ƙarangiya har gwiwa. Kwana biyu suna tafiya cikin goruba kafin wani manomi ya ɗauko su. Mutane suka rufe su da tambaya. Ni ban san sanda na isa ba. Ban dube shi a ido ba, ban kuma ce sannu ba. Na zauna a ƙasa a gaban duk direbobin Gashua, na zare allurar da ke bakin mayafina, na ɗora ƙafarsa a cinyata na fara cire ƙaya.

A kan kaina yake magana, a hankali. Ya ce su uku ke jere. Ya hango an tare ta gaba, an sa itace a hanya. Ya taka birki tun daga nesa, ya ce da fasinja kowa ya yi ta kansa, ya bar makulli a jiki injin na aiki ya faɗa daji. Na bayansa abokinsa ne, Ali, wanda bai daɗe da mallakar tasa motar ba. Ali bai fita ba. Ya ce sai ya juya da ita. Ta sauka daga kwalta ta kafe a yashi, kuma da ya waiwaya na ƙarshe, Ali na durƙushe yana tone yashin da hannu.

Ni ina ta cirewa.

"Iya," ya ce, "da ta Baba ce, ni ma juyawa zan yi."

Allurar ta faɗi a yashi, na daɗe ina lalube kafin na same ta.

Sai da ya yi sati bai taka ƙasa ba. Ranar da ya fara dogara sanda, ban ga ya nufi zaure ba, ɗakin motar ya shiga. Na bi shi na tsaya a ƙofa, na ce a raina yanzu zai ce a kawo ƙafafun. Ya ɗaga zanen, ya duba toka, ya taɓa tsumman salansa, ya leƙa ta gilashi. Sai ya buɗe ƙofa ya miƙa hannu ciki, na ji wani abu ya yi ƙas.

"An bar birkin hannu a ja," ya ce. "In za ta daɗe, sakinsa ake yi, in ba haka ba kamawa yake."

Ya mayar da zanen ya gyara masa kusurwa. Kuskure ɗaya ke nan da aka samu a aikin, kuma na Sale ne, shi ke sauri.

Damina biyar ta yi a kan giginya. Ranar da aka sauke ta, sau biyu aka tura ta ta tashi, Sale har da hawaye, wani mutumin Machina ya saye ta. Amma kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Abbanku bai ƙara riƙe sitiyari ba. Mutumin da aka haifa don hanya ya ƙare a rumfar kifi a kasuwa, yana kora ƙuda, kuma har yau in mota ta wuce da injin da ba daidai ba sai ya ɗaga kai ya bi ta da kunne. Ni na yi masa wannan, na sani. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa yi mini godiya ba. Ali kuwa ba a same shi ba. Uwarsa ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, amma da na je gaishe ta ta tambaye ni yadda ake cire wa mota ƙafa, na fara yi mata bayani kamar wawiya, sai na ga ba amsa take nema ba.

Cikin waɗanda suka ga wannan, Malam Sale ya rasu, liman ya rasu, Inna Kande da Hansatu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Amaryar liman ta koma garinsu wajen Yusufari, ban san halin da take ciki ba. Yagana ga ta nan, ku tambaye ta in na ƙara ko na rage. Uwar Ali na nan da rai, ba ta gani sosai, kullum ƙofar zaurenta a buɗe. Ya Falmata ma na nan, ba haƙori sai baki. Ita ba ta mayar da tata tayar ba, da safaya aka sayar da motar. Ta ce amana aka ba ta, kuma ba ta ji an ce hanya ta gyaru ba. Ku shiga ɗakinta ku gaishe ta, ku da ba a hana ku shiga ba tukuna. Randar ruwanta a kan tayar take zaune.